Karanta Taswirar Iskar Sama: Yadda Ake Gane Zafi, Hazo da Hadari Kafin Su Iso Sakkwato

Ma'aunin zafin da ke rataye a zaure abin da ya riga ya same ka yake gaya maka. Mai son ya san ko jibi za a yi ƙuna, ko hazo zai rufe gari ranar kasuwar Illela, ko ruwan da aka yi jiya ya isa a yi shuka, sai ya duba abin da iska ke yi a sama, daga mita 800 har zuwa kilomita 12. Taswirorin da ke nuna haka kyauta suke a intanet, kuma waya ma ta isa. Matsalar ita ce yawancin bayanin da ake yi a kansu don Turai da Amurka aka rubuta shi, wanda ya ɗauko shi yadda yake ya ɗora a kan Sakkwato zai sha kunya.

Abin da lambobin ke nufi

Iska tana da nauyi. A bakin teku nauyin da ke kan mutum ya kai hektofaskal 1013 a matsakaici, kuma hPa ake rubutawa a taswira. Kana hawa sama, iskar da ta rage a kanka tana raguwa, nauyin yana sauka. Masana yanayi sukan zaɓi wani nauyi, a ce 850, su tambaya: a wane tsayi ne nauyin iska ya sauko zuwa 850 a kan wannan gari? Amsar ita ake zanawa, shi kuma nauyin da aka zaɓa shi ake kira mataki. Saboda haka layukan da ke kan taswirar sama layukan tsayi ne, irin na taswirar tuddai da kwaruruka.

A sararinmu, matakin 925 yana wajen mita 800 daga matakin teku, 850 yana wajen mita 1,500, 700 yana wajen mita 3,150, 500 yana tsakanin mita 5,850 da 5,900, shi kuwa 200 ya haura mita 12,000. Wasu taswirori suna yanke sifili na ƙarshe, sai ka ga 588 a maimakon 5,880. Akwai kuma matakin 1000, amma ka manta da shi: Sakkwato tana bisa teku da kusan mita 300, nauyin iska a ƙasar garin bai cika wuce 980 ba, wato matakin 1000 yana ƙarƙashin ƙasa. Duk abin da taswira ta zana maka a wannan matakin a kan Sakkwato ƙiyasin kwamfuta ne kawai.

Dangantakar tsayin nan da zafi ita ce gindin komai. Iska mai zafi tana buɗewa, mai sanyi tana takurewa. Idan iskar da ke tsakanin matakai biyu ta yi zafi, sai tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, matakin sama ya ɗaga kamar murfin tukunyar da ke tafasa. Wannan tazarar ita ake kira kauri. Tsakanin 1000 da 500, ƙarin digiri ɗaya a matsakaicin zafin iskar yana ƙara kauri da kusan mita 20. Kaurin mita 5,400 na nufin matsakaicin zafin ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, shi ne layin 540 da Turawa ke bi don rarrabe ruwa da dusar ƙanƙara. Mu nan kaurinmu yana wajen 5,750 zuwa 5,850 duk shekara, layin 540 ba ya ko leƙo mu. Kaurin da ke mana amfani shi ne na tsakanin 925 da 700, inda digiri ɗaya yake daidai da kusan mita 8, domin shi ke nuna inda cibiyar zafin hamada take.

Lambobin suna fitowa ne daga balan-balan da ake cika wa iskar haidirojin ko hiliyam, a ɗaura masa ɗan akwatin awo a sake shi, yana hawa kamar mita biyar a daƙiƙa yana aiko da zafi da laima da tafiyar iska. Yamai na cikin tashoshin da suka daɗe suna wannan aiki a yankinmu. Ana haɗa awon da na tauraron ɗan Adam da na jiragen sama a zuba wa manyan kwamfutoci, irin GFS na Amurka, da ECMWF na ƙasashen Turai, da ICON na Jamus, su fitar da hasashe.

Kafin ka fara

Buɗe manhaja irin Windy, wadda ke ba da damar zaɓen mataki da zaɓen kwamfutar hasashe. Faɗaɗa taswirar har ka ga Libiya da Aljeriya a arewa, Chadi da Sudan a gabas, gaɓar tekun Legas a kudu. Wanda ya matso da taswira kan Sakkwato kaɗai ba zai ga komai ba, don yanayin jibi yau yana Chadi.

Duba agogon taswirar. Idan an rubuta 12Z ko 12 UTC, ƙarfe ɗaya na rana ke nan a Najeriya, 00Z kuma ƙarfe ɗaya na dare. Mutane da yawa a nan suke fara ɓata lissafi, su ɗauki taswirar tsakar dare su auna zafin rana da ita. Sannan ka tuna ana kiran iska da sunan inda ta fito: iskar arewa maso gabas daga can take zuwa. Idan taswirar mai kibiyoyi ce masu gashi, dogon gashi kulli 10 ne, gajere 5, tuta 50, kulli ɗaya kuwa kilomita 1.85 ne a awa.

Abu na ƙarshe: a Turai iska tana bin layukan tsayi sau da ƙafa, saboda ƙarfin karkatarwar da juyawar duniya ke haifarwa yana da yawa a can. A digiri 13 arewa, inda Sakkwato take, ƙarfin bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da yake a Landan ba, kuma tsayin matakan ba ya canzawa sosai. Taswirar 500 da aka zana da tazarar mita 60 tsakanin layi da layi za ta iya nuna maka Afirka ta Yamma duka ba layi ko ɗaya. Don haka a nan tafiyar iska ake fi dubawa, da zafi, da laima. Layukan tsayi sai a arewacin hamada suke magana sosai.

Zafin rana daga matakin 850

Wannan shi ne lissafi mafi sauƙi, kuma wanda ya fi cika alkawari. Busasshiyar iska idan ta sauko tana ƙara zafi da digiri 9.8 a kowace kilomita. Daga mita 1,500 zuwa mita 300 na Sakkwato akwai mita 1,200, wato kusan digiri 12. Da rana tsaka ƙasa takan ɗauki zafi fiye da iskar da ke bisa ta, sai a ƙara digiri ɗaya zuwa uku. To, zaɓi zafi a matakin 850, ka kai agogo 15Z, ƙarfe huɗu na yamma, ka karanta lambar da ke kan Sakkwato. A bazara, in sama tas take, ƙara 13 zuwa 15. Idan 850 ya nuna 27, ka sa ran 40 zuwa 42 a inuwa. Idan ya nuna 29 ko 30, ranar ba ta aikin gini ko doguwar tafiya da azahar ba ce.

Lissafin yana aiki ne saboda a watan Maris da Afrilu rana tana dama iskar ƙasa da ta sama har tsayin kilomita uku ko huɗu, kamar ana dama fura, komai ya zama ɗaya. Duk abin da ya hana damawar nan yana rushe lissafin. Hazo mai kauri yana tare hasken rana, sai ka rage abin da za ka ƙara zuwa 10 ko 11. A watan Agusta, ƙasa jiƙe take, rabin ƙarfin rana a busar da ruwa yake tafiya, ga gajimare, don haka 850 mai nuna 20 ba zai ba ka fiye da 30 ko 31 ba. Washegarin babban ruwa ma haka.

Kada ka yi amfani da 850 wajen auna sanyin asuba. Da dare ƙasa tana hucewa da sauri, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi, ta saman kuwa tana nan da ɗuminta, har a kan sami iskar mita 500 ta fi ta ƙasa zafi. Abin da ke yanke hukuncin dare shi ne laima. A Janairu iska bushe take ƙayau, zafin yini yana tserewa sama, asuba ta sauko 15 ko ƙasa da haka, a fadamun Rima kuma ta fi haka sanyi don iska mai sanyi gangare take bi. A watan Mayu, laima ta shigo amma ruwa bai sauka ba, tururin ruwan ya zama bargo, sai a kwana a 29 ko 30 ana juyi a tabarma. Wannan zafin daren ya fi gajiyar da tsofaffi da jarirai a kan na rana, kuma ma'aunin raɓa ne ke nuna shi, wato zafin da iska za ta sauka zuwa gare shi kafin raɓa ta fara kwanta.

Matakin 500 yana ƙara haske kaɗan. Idan layin 588 ya zagaye yankinmu, har 590 ko 592 suka bayyana a tsakiya, iska na sauka daga sama tana danne gajimare, zafin zai ɗauki kwanaki. A farkon Afrilun 2024, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, zafin ya mamaye Sahel ne kwana da kwanaki, dare da rana.

Hunturu: Libiya da Chadi ake kallo

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fara da 500 a kan Bahar Rum. Kana neman inda layukan tsayi suka lanƙwaso kudu kamar kwari, suka shigo Aljeriya ko Libiya. Kwarin nan iska mai sanyi ce, shi ya sa tsayin ya faɗi. Idan ya wuce gabas zuwa Masar, a bayansa nauyin iska a ƙasa yana hauhawa a kan Libiya, sai iskar ta tunkuɗo kudu.

Sauko matakin 925 ka duba arewacin Chadi. Tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi akwai rata, iska tana matsewa a ciki kamar ruwa a bakin kwalbati, ta fito da gudu ta faɗa kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi, wanda ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari. Babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Idan iskar 925 a wajen garin Faya-Largeau ta kai kulli 25 zuwa 30, ƙura za ta tashi, galibi da hantsi, lokacin da rana ta fara dama iskar sama da ta ƙasa. Daga can zuwa Sakkwato kusan kilomita 1,400 ne, tafiyar kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Maiduguri da Nguru da Kano sukan riga mu gani, don haka labarin hazo daga can gargaɗi ne.

Duba inda iskar ta nufa. In ta fi karkata daga arewa, ƙurar Kamaru da gabashin Najeriya za ta yi, mu samu ɗan fari-fari kawai. In daga gabas maso arewa take, ta bi ta Damagaram da Maraɗi, to tamu ce. Hoton ƙura na tauraron Meteosat yana nuna ta da launin ruwan hoda mai haske, ana sabunta shi duk 'yan mintoci, da shi za ka tabbatar. Sannan koma zafin 850: in ya faɗo daga 19 zuwa 14 ko 15, jaura ce tafe, rana ba za ta wuce 26 ko 27 ba. Wani abin mamaki, daren da hazo ya fi kauri ba shi ne ya fi sanyi ba, don ƙurar tana riƙe ɗumi. Daren da ya biyo bayan washewar sama, iska ta kwanta, shi ne mai sa a nemi garwashi. Masu alkama da albasa a Wurno da Goronyo sanyin nan suke so, masu asma da direbobin hanyar Gusau kuwa kwana biyun gargaɗin ya ishe su shiri.

Layin da damina ke bi

Cibiyar zafin hamada wuri ne da iska ta yi zafi ta buɗe, nauyinta a ƙasa ya ragu, amma a matakin 700 da 600 tsayi ya ɗaga. A taswirar ƙasa rami ne, a ta sama tudu, kuma abu ɗaya ne. A Afrilu da Mayu tana kusa da mu, kan Nijar da Mali. Wajen ƙarshen Yuni takan yi tsalle zuwa arewacin Mali da kudancin Aljeriya. Ita ke zuƙo iska mai laima daga Tekun Gini.

Inda iskar teku ta kudu maso yamma ta haɗu da busasshiyar iskar arewa maso gabas, nan ne layin da taswirori ke rubuta wa ITD. Ka neme shi a 925, inda iska ta juya, ka tabbatar da ma'aunin raɓa na ƙasa: kudu da layin ya haura 15, arewa da shi ya faɗi warwas. A Janairu yana can kusa da gaɓar teku, a Agusta ya kai wajen digiri 20 arewa, ya wuce Agadas. Ka duba shi a taswirar 06Z, ƙarfe bakwai na safe, don da dare iskar teku take kutsowa arewa, da rana kuma damawar iska takan ɓata layin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga layin ya haye Sakkwato a ce damina ta zo. Iskar teku kamar bakin gatari take shigowa, siririya a gaba, mai kauri a baya. A bakin layin kaurinta bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, busasshiyar iska na kwance a kanta. Gwajin shi ne ka kwatanta 925 da 850. In 925 kudu maso yamma ce amma 850 har yanzu gabas ce ko arewa, laimar ba ta da zurfi: za a yi gumi, hadari ya haɗu da la'asar, ya ƙare a iska da jar ƙura da ɗan yayyafi. In matakan biyu duka sun juya, kuma layin ya kai Tawa ko ya wuce ya zauna can kwanaki, to an fara magana. Ruwan kirki yakan kasance ɗaruruwan kilomita kudu da layin.

Ga mai shuka gero wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aunin da masana noma na Sahel ke amfani da shi shi ne a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi kwana bakwai babu ruwa cikin kwana 30 masu biyowa. Rabin farko ana gani a gona. Rabi na biyu ba mai tabbatar maka, amma in hasashen kwana biyar ya nuna layin zai koma kudu da Birnin Kwanni, iskar 850 ta koma gabas, iri yana cikin haɗari. Ka haɗa wannan da hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da bayanan cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai.

Matakin 700, inda hadari ke samun ƙafa

Saboda arewa zafi ce kudu kuma sanyi-sanyi, tsayin 700 ya fi ɗagawa a kan hamada, wannan bambancin ke haifar da wata iska mai ƙarfi daga gabas tsakanin 700 da 600, mai gudun kilomita 35 zuwa 55 a awa. A Agusta tana ratsawa kusan ta kanmu. Ita ce dalilin da ya sa kowane yaro a Sakkwato ya san hadari daga gabas yake tasowa, alhali iskar da ke kaɗa masa riga daga yamma take.

Iskar ba miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa kamar maciji. Kowane lanƙwaso yana ratsa wuri duk kwana uku zuwa biyar, tsawonsa kilomita 2,000 zuwa 4,000, yana tafiya yamma kusan kilomita 700 a yini. A taswirar iskar 700 ka nemi inda layukan suka yi ƙusurwa mai kallon arewa, ko suka yi zagaye saɓanin hannun agogo. Yamma da ƙusurwar iska daga arewa maso gabas take, gabas da ita daga kudu maso gabas. In ka gan ta a kan Njamena yau, kusan kilomita 1,050 ke nan, ka ba ta kwana ɗaya da rabi. Hadari yakan taru a gabanta da cikinta, amma a nan arewa iskar kudun da ke bayanta ma takan kawo laima ta tayar da wani.

Iskar yamma a ƙasa, ta gabas a sama, wannan saɓanin ne ke jera hadari ya zama dogon layi daga arewa zuwa kudu, kuma irin wannan jerin ne ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Yakan tashi da yamma a kan duwatsun Azbin ko tsaunukan Jos ko can Darfur, ya yi gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, ya fi lanƙwason da ya haife shi sauri. Duba laimar 700 kuma. Ɗan bushewa a nan yana sa ruwan da ke faɗowa ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta faɗo da ƙarfi, ita ce guguwar da ke riga ruwa isowa tana yaye kwano. In bushewar ta yi yawa, a ce laima ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, holoƙo za a sha. In kuwa daga 850 har 500 duk jiƙe ne, iskar 700 kuma ta yi laushi, malka ce: ruwa mai daɗewa, marar iska, mai cika gulbi da rusa ginin ƙasa.

Matakin 200 kallo ɗaya ya ishe shi. Da damina iskar gabas ce mai tasowa daga Indiya, shekarun da ta yi ƙarfi sukan zo da ruwa mai yawa. Da rani ta yamma ce, wani lokaci ta jawo zaren gajimare daga teku ya rufe rana kwana biyu ba ruwa.

Kwamfutocin nan sun iya iska da zafi, ana iya dogara da su kwana uku zuwa biyar. Ruwa ne ba su iya ba. Sukan zuba ɗan ruwa ko'ina da azahar, alhali na gaske dunƙule yake zuwa, sau da yawa da dare ko goshin asuba, ya jiƙa Kware ya bar Bodinga. Ga kuma ƙarancin tashoshin balan-balan a hamada, wanda ke sa kwamfuta ta fara lissafi da hoton da bai cika ba. Saboda haka ka kwatanta GFS da ECMWF: in sun yarda a kan inda lanƙwason 700 yake, ka yarda, in sun saɓa, ka jira fitowa ta gaba, GFS sau huɗu yake fitowa a yini. A ranar kanta ka bar hasashe ka koma hoton tauraron ɗan Adam. Farin dunƙulen gajimare mai sanyin kai a kan Damagaram da magariba, kusan kilomita 400 ke nan, zai iso Sakkwato cikin awa bakwai ko takwas in bai mutu a hanya ba. In ya kai Maraɗi yana ƙara faɗi, saura awa huɗu a kwashe shanya a ɗaure dabbobi.